Yadda Rashin Mofin Ya Buɗe Wa Tiramol Ƙofa

A shekarar 1961 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar da ta sa mofin da danginsa ƙarƙashin tsauraran dokoki. Nijeriya ta bi sahu, har ta wuce gona da iri. A wancan zamani, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya kaɗai ke shigo da shi, a jibge a babban ɗakin ajiyar magunguna na Oshodi a Legas, asibitin da ke buƙata kuma sai ya tura mutum takanas da takardu. Daga Dutse ko Birnin Kudu, wa zai jure wannan zirga-zirga? Asibitoci da yawa suka haƙura.

Ko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 1986 cewa mofin ne maganin matsanancin raɗaɗin ciwon daji, a nan ba a ganinsa. Likitoci suka koma ga allurar fentazosin, mai arha da sauƙin samu. Masu sikila suka fi shan ta. Wanda ciwon ƙashi ya tayar da tsakar dare a Andaza ko Katanga, in ya taɓa jin sauƙin da ta ba shi a asibiti, gobe kemis zai nufa, jibi ya koyi yi wa kansa. Ƙarshenta gyambo a cinya, nama ya sandare, jiki ya ƙi zama lafiya sai da ita. Jama'a su ce ɗan ƙwaya ne, alhali ciwo ne ya kai shi.

Tiramol kuwa, wanda kamfanin Grünenthal na Jamus ya fitar a 1977, bai shiga waccan yarjejeniya ba. Nijeriya ta amince da miligiram 50 da 100, amma aka riƙa kwararo mai 225 daga Indiya, ya shiga hannun majinyaci da manomi da lebura.

Ba tiramol kaɗai ba: a 2017 aka faɗa a Majalisar Dattawa cewa kullum ana shanye kwalba miliyan 3 ta maganin tari mai kodin a Kano da Jigawa. Bayan rahoton BBC a 2018, gwamnati ta haramta maganin tarin mai kodin, a shekarar ce kuma Indiya ta ƙuntata fitar da tiramol. Kame ya ƙaru, farashi ya hau, kuma mai ciwon gaske ya sha wuya tare da mai maye.

Tun 2012 gwamnati ta sake shigo da mofin tare da wata ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka, amma galibi a manyan asibitocin koyarwa ya tsaya. A kan tituna kuwa, wata ƙwayar mai suna tafentadol daga Indiya ta fara maye gurbin tiramol, kamar yadda wani binciken BBC ya bankaɗo a 2025.