Mazaɓar Essex ta Kudu: Tarihin Shata Iyakar Zaɓe a Jihar Massachusetts ta Amurka

Gabatarwa

A cikin watan Afrilu na shekarar 1812 aka yi zaɓen Majalisar Dattijai ta Jihar Massachusetts, wadda ke arewa maso gabashin Amurka. Da aka gama ƙidaya, jam'iyyar Federalist ta sami ƙuri'a 51,766, jam'iyyar Republican kuwa ta sami 50,164. Amma da aka zo kan kujeru 40 na majalisar, sai wadda ta zo ta biyu ta kwashe 29, ta bar wa mai rinjayen 11 kacal. An ƙirga ƙuri'un daidai yadda aka jefa su. Abin da ya haddasa wannan al'amari shi ne wata doka da aka zartar wata biyu kafin zaɓen, wadda ta sake shata iyakokin mazaɓu. Wannan maƙala za ta bi tarihin ɗaya daga cikin mazaɓun nan, watau Essex ta Kudu, ta bayyana tsarin majalisar da ta haife ta, sannan ta nuna inda rigimar ta kwana a yau.

Kafin a shiga cikin zancen, ya kyautu mai karatu ya lura da wani bambanci. A Nijeriya, Majalisar Dattijai ta tarayya ce kaɗai, kowace jiha majalisar dokoki ɗaya gare ta. A Amurka ba haka abin yake ba. Daga cikin jihohi 50, guda 49 suna da majalisu biyu-biyu, ta dattijai da ta wakilai. Jihar Nebraska ce kawai ta koma majalisa ɗaya tun 1937. Saboda haka duk inda aka ce dattijo a nan, ana nufin na jiha, ba wanda ke zama a birnin Washington ba.

Tsarin Mulkin 1780

Jihar Massachusetts ta kafa tsarin mulkinta a shekarar 1780, kuma John Adams, wanda daga baya ya zama Shugaban Amurka na biyu, shi ne ya rubuta mafi yawansa. Har yau da shi ake aiki, ko da yake an yi masa gyare-gyare masu yawa. Tsarin ya raba majalisar dokoki gida biyu, kowane gida da tushensa. Majalisar Wakilai ta garuruwa ce, kowane gari yana aiko da wakilai gwargwadon yawan mazan da ke biyan harajin kai. Majalisar Dattijai kuwa, an ɗora ta ne bisa dukiya, domin ana raba kujerunta 40 gwargwadon harajin da kowane yanki ke zubawa a baitulmalin jiha. Manufar masu tsarin ita ce gida ɗaya ya tsare muradin jama'a, ɗayan ya tsare muradin masu abin hannu, kowanne ya zama linzamin ɗan'uwansa.

Shi kansa mai jefa ƙuri'a sai ya kasance namiji, ɗan shekara 21 ko fiye, mai ƙasar da ke kawo masa fam 3 a shekara, ko kuwa mai dukiyar da ta kai fam 60. Wanda ke neman kujerar dattijo sai ya mallaki ƙasa ta fam 300, ko kadara ta fam 600. Ana yin zaɓen gwamna da na dattijai kowace shekara, ranar Litinin ta farko a watan Afrilu.

Game da mazaɓu, tsarin mulkin ya ce kada su gaza 13, kada kuma wata ta aiko da dattijai fiye da 6. Ya kuma ce a ɗauki gundumomin jihar a matsayin mazaɓu har zuwa lokacin da majalisa ta ga dacewar sakewa. Wannan 'yar ƙofa da aka bari, ita ce aka bi a 1812. Shekara talatin da wani abu ana bin iyakar gunduma, mutane har sun ɗauka al'ada ce da ba a taɓawa, alhali kuwa doka ta bar wuƙa da nama a hannun 'yan majalisar da ke ci.

Jam'iyyu biyu da gwamnansu

A farkon ƙarni na 19 jam'iyyu biyu ke hamayya a jihar. 'Yan Federalist suna da ƙarfi a wurin attajirai da masu jiragen ruwa da manyan malaman coci, kuma sun fi karkata ga Ingila, wadda ita ce babbar abokiyar cinikinsu. 'Yan Republican, mabiyan Thomas Jefferson, sun fi samun goyon bayan ƙananan manoma da masunta da masu sana'ar hannu, sun kuma fi jin Faransa a ransu. Ba su ne jam'iyyar Republican ta yanzu ba, domin ita wannan sai a 1854 aka kafa ta. Gaba ta tsananta bayan 1807, lokacin da gwamnatin Jefferson ta hana jiragen Amurka fita fatauci ƙasashen waje, tashoshin ruwa irin su Salem da Boston suka mutu murus.

A 1810 'yan Republican suka ci kujerar gwamna da Elbridge Gerry, suka sake ci a 1811, a wannan karon har da majalisun biyu. Gerry ba ƙaramin mutum ba ne. An haife shi a garin Marblehead a 1744, yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar shelar 'yancin Amurka ta 1776, kuma yana cikin mutum uku da suka zauna har ƙarshen taron Philadelphia na 1787 amma suka ƙi sa hannu a tsarin mulkin tarayya, saboda a ganinsa bai kare haƙƙin jama'a yadda ya kamata ba. Da 'yan jam'iyyarsa suka ga iska na neman juyawa, ga kuma yaƙi da Ingila yana ƙaratowa, sai suka yi shawarar ɗaure Majalisar Dattijai tun da sauran rana. Gwamna Gerry ya sa hannu a dokar ranar 11 ga Fabrairu, 1812. Surukinsa James Austin, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya nuna cewa dokar ba ta kwanta masa a rai ba, amma dai ya sa hannun.

Yadda aka yanka Essex

Gundumar Essex tana arewa da Boston, a bakin teku. A da mazaɓa ɗaya ce mai dattijai 5, kuma da yake 'yan Federalist sun fi yawa a gundumar baki ɗaya, su ke cinye kujerun duka. Sabuwar dokar ta tsaga ta biyu. Aka tattara garuruwan tsakiya da na gabas, inda Federalist ke da rinjaye mai yawa, aka ba su kujera 2. Sauran garuruwan kuwa aka jera su kamar tsakiya a zare, aka ba su kujera 3. Layin ya taso daga Chelsea, wanda ma na gundumar Suffolk ne, ya bi ta Lynn da Marblehead da Salem da Danvers, ya haura ta Andover da Methuen, ya karkata gabas ta Haverhill da Amesbury, ya tsaya a Salisbury. Wannan ita ce Essex ta Kudu, ko da yake rabinta a can arewacin gundumar yake.

Dabarar ƙafa biyu gare ta, kuma har gobe da su ake tafiya. Ta farko ita ce cunkusa abokan hamayya a 'yan mazaɓu kaɗan, su ci da rata mai yawa wadda ba za ta ƙara musu kujera ko ɗaya ba. Ta biyu ita ce warwatsa ragowarsu a sauran mazaɓu, inda ko'ina za su kasa da ƙanƙanin rata. Alal misali, a ce yanki yana da masu zaɓe 500 da mazaɓu 5, jam'iyya ɗaya tana da 260, ɗayar 240. In aka zuba 'yan babbar jam'iyyar 85 a mazaɓa ta farko, 85 a ta biyu, saura 90 ke nan, a raba su 30-30 a mazaɓu uku. Ƙaramar jam'iyya za ta ci ukun nan da 70 kowacce, ta zama ita ce mai rinjaye a majalisa. A Essex ta Kudu, yawan 'yan Republican na Marblehead shi aka yi amfani da shi aka danne 'yan Federalist na garuruwan da aka haɗa su da shi.

Haihuwar wata kalma

Ranar 26 ga Maris, 1812, jaridar Boston Gazette ta buga taswirar mazaɓar, an ƙara mata fikafikai da haƙora da farata, kanta a Salisbury, ƙafafunta wajen Marblehead. Galibin masana tarihi suna danganta zanen ga wani mai zane da ake kira Elkanah Tisdale. Aka kamanta siffar da salamanda, wata 'yar halitta mai kama da ƙadangare da ke zama a wurare masu laima, wadda tatsuniyoyin Turai suka mayar dodon wuta. Sai aka ɗauki sunan gwamna aka liƙa masa wutsiyar sunan dabbar, aka sami Gerrymander. Masu nazarin harshe za su so sanin cewa shi gwamnan Geri ake kiran sunansa, amma da kalmar ta yaɗu ta hanyar rubutu ga waɗanda ba su taɓa jin an furta sunan ba, sai akasarin mutane suka koma faɗin ta da sautin ja. Yau kalmar ta zama suna, ta zama aikatau a Ingilishi, ta kuma shiga wasu harsuna.

A zaɓen Afrilu dabarar ta yi aikinta, 'yan Republican suka ci kujeru 3 na Essex ta Kudu. Amma kujerar gwamna ba ta da mazaɓa, jiha duka ke zaɓe, nan Caleb Strong na Federalist ya kayar da Gerry. Majalisar Wakilai ma ta suɓuce musu. Hausawa na cewa in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Cikin watan Yuni aka shiga yaƙi da Ingila, yaƙin da mutanen bakin teku suka ƙi jini. Da yake an shimfiɗa ƙuri'un Republican da faɗi ba kauri, jama'a kaɗan da suka sauya ra'ayi sun isa su rushe ginin. A zaɓen 1813 Federalist ta karɓe Essex ta Kudu da majalisar kanta, ta soke dokar. Gerry kuwa ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasa a ƙarƙashin James Madison a 1813, ya rasu yana kan kujerar a watan Nuwamba na 1814.

Daga dukiya zuwa yawan mutane

Sannu a hankali jihar ta rabu da tsohon tushen. Gyaran 1840 ya mayar da rabon kujerun dattijai bisa yawan jama'a, ba haraji ba. Gyaran 1857 ya kafa mazaɓu 40, kowacce da dattijo ɗaya. Gyaran 1918 ya mayar da zaɓe duk bayan shekara biyu.

A wasu jihohin cutar ta ɓullo ta wata fuskar, watau ƙin taɓa iyaka ko da birane sun cika sun batse. Alabama ta wuce shekara 60 tana kan rabon 1901. A Kalifoniya, gundumar Los Angeles mai mutum sama da miliyan 6 dattijo ɗaya gare ta, daidai da wata mazaɓar karkara mai mutum wajen 14,000. Kotun Ƙoli ta Amurka ta yarda a 1962, a shari'ar Baker da Carr, cewa kotuna na iya sauraron irin wannan ƙara. A 1964, a shari'ar Reynolds da Sims, ta yanke cewa dole majalisun jiha biyun duka su kasance da mazaɓu masu yawan jama'a kusan daidai. Sai dai daidaita adadi bai hana karkata layi ba, kamar yadda misalin mutum 500 ya nuna. A 2019, a shari'ar Rucho da Common Cause, alƙalai 5 cikin 9 suka ce shata iyaka don amfanin jam'iyya ba hurumin kotunan tarayya ba ne. Wasu jihohi, irin su Kalifoniya a 2008 da Michigan a 2018, sun karɓe aikin daga hannun 'yan majalisa sun danƙa wa hukumar talakawa.

Majalisar a yau

Har yanzu dattijan Massachusetts 40 ne, wakilai kuma 160 tun 1979. Ƙidayar 2020 ta nuna jihar tana da mutum miliyan 7 da 'yan kai, watau kowane dattijo yana wakiltar kimanin 175,000. Dattijai ne ke zaɓen shugabansu daga cikinsu. Shirin doka yakan fara zuwa kwamitin haɗin gwiwa na majalisun biyu, inda ake sauraron jama'a, sannan a yi masa karatu uku a kowane gida. In gidajen suka saɓa, sai kowanne ya ba da mutum 3 su sasanta. Gwamna yana da kwana 10 ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi kuma kashi biyu cikin uku na kowane gida na iya zartarwa ba da shi ba. Dokar haraji daga wakilai take farawa, shari'ar tsige jami'i kuwa dattijai ke yin ta. Bugu da ƙari, kowane ɗan jiha na da ikon miƙa shirin doka ta hannun wakilinsa. Amma shata mazaɓu bayan kowace ƙidaya yana nan a hannun majalisar, kamar yadda ta yi a 2021.

Kammalawa

Nijeriya ta ɗauki tsarin shugaba mai cikakken iko daga Amurka a 1979, amma a wannan batu ta bi wata hanya dabam. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa hukumar zaɓe ta ƙasa alhakin raba kowace jiha zuwa mazaɓun dattijai 3, da shata mazaɓun majalisar jiha, da kuma sake duba su lokaci-lokaci. Tarihin Essex ta Kudu yana nuna dalilin irin wannan tanadi, yana kuma nuna iyakarsa. Duk wanda aka ba alƙalamin shata layi, majalisa ce ko hukuma, an ba shi rabin zaɓen tun kafin a buɗe rumfa. Abin da ya karya dokar 1812 cikin shekara ɗaya shi ne jarida da ta nuna wa mutane taswirar, da masu zaɓe da suka duba ta suka fahimci abin da aka yi da ƙuri'arsu.