Amsoshin Wasiƙunku: Sayen Gida A Bayan Garin Daura, Jiya Da Yau

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Mai'aduwa. Ya ce an yi masa tallan gida a sabuwar unguwa bayan garin Daura, mai gidan kuwa ba shi da wata takarda sai ta mai unguwa. Yana tambaya: shin wa ke da ƙasa ne, kuma wannan takarda ta isa?

To malam, amsar tana cikin tarihi, sai ka gyara zama.

A zamanin da, ƙasa ta Allah ce, Sarki kuma shi ne mai riƙon amanarta. Baƙo in ya zo, mai unguwa zai kai shi gun dagaci, a yanka masa fili, ya kai gaisuwa, shi ke nan. Gona kuwa ana samunta ta hanyar gado, ko kyauta, ko aro, ko jingina, ko sharar daji. Ba a rubuta komai. Dattawa su ne takarda, itacen kuka ko gawo shi ne iyaka.

Da Turawa suka zo, sai suka tarar sarautar Daura a rabe: Fulani a birni tun jihadi, gidan tsohuwar sarauta kuma a Zango da Baure. A 1906 suka mai da Malam Musa birnin Daura. Ba a jima ba, a 1910, suka yi dokar da ta sa dukkan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, amma suka bar rabon filayen talakawa a hannun En'e. Saboda haka a tsawon sarautar Sarki Abdurrahman, daga 1911 zuwa 1966, maganar dagaci da hakimi ta ishi mutum ya kwana da kwanciyar rai. Dokar Jihar Arewa ta 1962 ma a kan wannan turba ta bi.

Inda abin ya juya shi ne 1978, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda har yanzu ita ake bi. Ta ce ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita a madadin jama'a. Filin da aka ayyana a matsayin birni, Gwamna ne ke ba da izninsa da satifiket, wanda galibi na shekara 99 ne. Na karkara kuma, ƙaramar hukuma. Sayar da shi ma sai da amincewar hukuma. Ka ga ke nan, takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, amma ba ta zama iznin mallaka ba.

Me ya sa wannan ya dame mu yanzu? Saboda gari ya fita ganuwa. An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, ma'aikata suka ƙaru. Daga 2015, zamanin mulkin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, sai Daura ta sami Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, a shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa ta Daura. Gonakin gero suka zama fulotai, dillalai suka yi yawa.

Mutanen Kano sun riga mu ganin wannan. A wajajen Ungogo da Kumbotso gonaki da yawa an yanka su da awon igiya, ba titi, ba magudanar ruwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To ga shawara. Da farko ka bincika asalin filin. In gonar gado ce, ka tabbata an raba, kuma magada duka sun yarda, har mata, domin a shari'a wanda suke tarayya a filin da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, yana iya biyan kuɗinka ya karɓe. In jingina ce ko aro, mai ita zai dawo wata rana. Sannan ka je ofishin filaye ka tambaya ko wurin yana cikin abin da gwamnati ta keɓe wa hanya ko wani aiki. In ta karɓa, diyyar gini da amfanin gona take biya, ba kuɗin ƙasa ba. Ka kuma je ka ga wurin da damina, kada ka sayi fadama da rani. A rubuta ciniki gaban shaidu, a faɗi iyakoki huɗu, daga nan ka nemi takardar hukuma da sunanka.

Kai kuma manomi mai shirin sayarwa, ka tuna kuɗin fuloti ƙarewa yake yi, gona kuwa kowace shekara tana ciyar da gida.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mun ji daga gare ku. Ku huta lafiya.