Duwatsun Kushewa na Kogin Gambiya

Mu da muka tashi muna jin labarin Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, mun san yadda tsohuwar kushewa take riƙe tarihi. To, can yamma, a ƙasashen Senigal da Gambiya, akwai da'irorin duwatsu fiye da 1,000 da mutanen da suka kakkafa a kan matattunsu, sun miƙe kilomita 350 suna bin kogin Gambiya.

Marmara suka fasa da kayan ƙarfe, suka sassaƙe ta sumul kamar turmi, suka jera ta a zagaye. Wani dutsen ya ɗara mita 2 tsawo, wani nauyinsa ya kai tan 7. Masana sun ce an fara wannan aiki tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, aka ci gaba har ƙarni na 16. Da aka tona ƙarƙashinsu an sami ƙasusuwan mutane da kawunan masu da mundaye da tukwane. Babu shakka jama'ar da ta iya wannan tana da shugabanci da maƙera da wadatar abinci, ko da ba ta bar rubutu ba.

A 2006 hukumar UNESCO ta shigar da wurare huɗu cikin kayan tarihin duniya: Wassu da Kerbatch a Gambiya, Sine Ngayene da Wanar a Senigal. Abin yabo ne. Sai dai da'irori 93 kacal ke cikin wuraren nan. Sauran da yawa suna tsaye cikin gonakin gero da gyaɗa da daji, tsaronsu yana hannun manomin da ke kewaye su da garma kowace damina.