Barin Taba da Ƙiba: Me Ya Sa Alƙaluman Suka Saɓa?

A 1990 rahoton babban likitan gwamnatin Amurka ya ce wanda ya daina shan taba sigari yakan ƙara nauyin kilo biyu da ɗoriya. Likitoci suka yi shekaru suna kwantar wa mashaya hankali da wannan adadi. Sai a 2012 Henri-Jean Aubin na Faransa da abokan aikinsa suka tattara bincike 62 a mujallar BMJ, suka ce ƙarin yakan kai kilo 4 zuwa 5 cikin shekara guda, akasarinsa a watanni ukun farko. To, maganar wa za a kama?

Babu wanda ya shara ƙarya. Saɓanin yana wurin tantance wane ne "ya daina". Tsofaffin bincike da dama sun lissafa duk wanda bai sha ba a 'yan kwanakin da aka tambaye shi, ko da ya riƙa ɗan komawa a tsakani. Robert Klesges ya nuna a 1997 cewa waɗanda suka bari ɗungurungum sun ƙara kusan ninki biyu na nauyin da waɗanda aka lissafa ta wancan sassauƙan ma'auni suka ƙara. Duk karan da aka zuƙa a tsakani yana danne cin abinci, sai ya ja adadin ƙasa.

Kamfanonin taba sun daɗe da gano wannan sirri. A ƙarshen shekarun 1920 masu sigarin Lucky Strike sun riƙa tallata wa mata cewa su kunna taba maimakon su sha alewa, kuma na ɗauki wannan talla a matsayin mugunta tsantsa. Sai a 2011 masana a jami'ar Yale suka gano a jikin ɓeraye cewa nikotin na tada ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu sanar da jiki cewa ya ƙoshi. Yana kuma sa jiki ya ƙona abinci da ɗan sauri. Idan aka janye shi, ga ɗanɗano ya dawo, ga baki ya saba da abin taɓawa, dole ci ya buɗe.

Amma ba kowa ke yin teɓa ba. A lissafin Aubin, kashi 16 cikin 100 ramewa suka yi, kashi 13 kuma suka haura kilo 10.

Tambayar da ta fi damun mai son bari ita ce ko ƙibar za ta cinye ribar. Wani bincike na jami'ar Harvard da ya fito a 2018 ya tabbatar da rabin fargabar: haɗarin ciwon sukari yana hawa ga waɗanda suka yi ƙiba, ya kai ƙololuwa shekara 5 zuwa 7 bayan bari, sannan ya fara sauka. Duk da haka, hatta waɗanda suka ƙara fiye da kilo 10, mace-mace a cikinsu, har da na ciwon zuciya, bai kai na waɗanda suka ci gaba da sha ba.