Tantance adireshin imel

Tantance adireshin imel (sunan aiki): tabbatar da cewa adireshin wasiƙar intanet yana raye, wato akwai akwatin da zai karɓi saƙon da aka aika masa. Kowane adireshi kashi biyu ne, sunan mai akwati da sunan gidan da ke riƙe da akwatin, kuma alamar @, wadda Ray Tomlinson ya zaɓa a 1971, ita ke raba su. Masu gwajin tsaro, waɗanda hukuma ko kamfani ke ɗauka domin su gano kafar da ɓarayin intanet za su iya bi, sukan duba tsarin rubutun adireshin, sannan su tambayi uwar garken gidan ta ƙa'idar aika imel ta SMTP ko ta san sunan, ba tare da an tura wasiƙa ba. Uwar garken da ke amsa wa kowa wannan tambaya tana da rauni babba, domin tana miƙa wa mazambata sunayen ma'aikata. Masu gwajin kuwa sai da izini suke aiki, domin a Najeriya dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta kutse cikin kwamfutar wani ba da izini ba.

Shirun mai akwati ba ya nufin adireshi ya mutu. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a Sabon Birni da Isa a watan Satumban 2021 saboda 'yan bindiga, akwatunan ɗalibai da ma'aikatan ƙasar Gobir sun ci gaba da karɓar saƙonni a uwar garke, masu su ne kawai suka rasa hanyar buɗewa.