Tarihin Gwajin Ƙurar Masana'antu

Gwajin ƙura hanya ce ta gano ko garin wani abu, kamar fulawa, sukari, kwal ko alminiyom, zai fashe idan ya tashi a iska ya gamu da tartsatsi. Fulawar da ke cikin buhu da ƙyar take cin wuta. In ta watsu kuwa, iska ta kewaye kowace ƙwaya, wuta kan lashe ta gaba ɗaya kafin ƙiftawar ido.

Bincike na farko da aka sani shi ne na wani mai suna Morozzo, kan ma'ajin fulawar wani gidan burodi da ya fashe a Turin ta Italiya a 1785. A 1844, bayan mutum 95 sun halaka a mahaƙar kwal ta Haswell a Ingila, Michael Faraday da Charles Lyell suka nuna cewa ƙurar kwal ce ta ƙara rura wutar. Abin takaici, aka yi ta ɗora wa iskar gas laifi ita kaɗai. Sai da mahaƙar Courrières ta Faransa ta ci rai 1,099 a 1906 sannan aka duƙufa kan binciken ƙurar kwal. Injiniya Jacques Taffanel ya yi gwaje-gwaje a Liévin, ya tabbatar cewa garin dutse na tare wutar ƙurar kwal.

A Hukumar Ma'adinai ta Amurka, wadda aka kafa a 1910, aka ƙera bututun Hartmann mai cin lita 1.2. Ana hura gari a ciki, a kunna tartsatsin lantarki, a auna matsin da ya tashi. Sai dai abin da ɗan bututun ya nuna ba ya dacewa da abin da ke faruwa a babban rumbu. Wannan ya sa Wolfgang Bartknecht ya koma amfani da tanki mai cin lita 1,000, daga baya Richard Siwek ya fito da tukunyar ƙarfe mai siffar ƙwallo, mai lita 20, a Switzalan cikin shekarun 1970. Ita ce aka fi aiki da ita yau. Da ita ake fitar da ma'aunin Kst, wato saurin hauhawar matsi, a kasa ƙura aji uku: St 1 mai Kst har zuwa 200, St 2 har zuwa 300, St 3 abin da ya haura haka. Sakamakon na garin da aka gwada ne kawai, domin laushi da bushewa kan sauya shi.

Duk da wannan ilimi, ƙurar sukari da aka bari ta taru ta kashe ma'aikata 14 a matatar Imperial Sugar da ke jihar Jojiya ta Amurka a 2008. Hukumar da ta bincika ta ce haɗari ne da za a iya kauce masa.