Ƙa'idojin Gina Mashigar Kwale-kwale a Bakin Madatsar Ruwa ta Zobe

Madatsar ruwa ta Zobe tana kan kogin Karaduwa a Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma, kuma an kammala gina ta a shekarar 1983. Masunta da manoman rani da dama sukan so su gyara mashiga, wato wurin da ake tura kwale-kwale cikin ruwa a kuma fito da shi. Kafin a zuba dutse ko siminti, wajibi ne a san hukumomin da ke da iko a wurin.

Abu na farko shi ne madatsar mallakar Gwamnatin Tarayya ce, tana ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, mai hedikwata a Sakkwato. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta ba Gwamnatin Tarayya iko a kan duk ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya, kuma ruwan Karaduwa yana malala ne zuwa kogin Rima. Dokar ta yarda kowa ya ɗebi ruwa kyauta don amfanin gida da shayar da dabbobi, ya kuma yi su ko ya tuƙa jirgi, matuƙar bai saɓa wa wata doka ba. To, amma wannan sassauci bai haɗa da gini ba. Wanda zai haƙa gaɓa ko ya cike bakin ruwa da ƙasa, sai ya nemi izinin hukumar a rubuce.

Akwai dalili. Madatsar Zobe ta ƙasa ce, tsawon ganuwarta ya haura kilomita 2, kuma haƙa ko sare itatuwa kusa da ita yana jawo zaizayar ƙasa. Bugu da ƙari, tun da aka ƙaddamar da aikin ruwan sha na Zobe a shekarar 2021, tsabtar wannan ruwa ta shafi lafiyar jama'a masu yawa. Saboda haka bai dace a kafa mashiga kusa da ganuwa, ko mafitar ambaliya, ko wurin da ake zuƙo ruwa ba, balle a riƙa zubar da man inji a can.

Na biyu shi ne filin. Bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ke ba da izinin mallaka irin na gargajiya a karkara, Gwamna kuma ke ba da takardar mallaka a cikin birni. A nan ne mutane suka fi yin kuskure: gadon gona a bakin ruwa ba hujja ba ce, domin mai yiwuwa ne filin yana cikin wanda gwamnati ta karɓa lokacin gina madatsar. Ya kamata jami'in filaye ya tantance iyaka tukuna. Amincewar mai unguwa, dagaci, hakimi da Sarkin Ruwa tana da amfani ƙwarai wajen kauce wa rikici da makiyaya a kan mashaya, sai dai ba ta maye gurbin takardar hukuma.

Babban aiki, kamar tashar jiragen haya, yana iya buƙatar binciken tasirinsa ga muhalli bisa dokar 1992. Ita kuwa Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997, tana da iko a kan kogunan da dokarta ta lissafa, irin su Neja da Binuwai, har zuwa mita 100 daga gaɓa.

Mai neman izini ya haɗa takardarsa da zanen wurin, da faɗi da tsawon mashigar, da irin kayan ginin, da yawan jiragen da za su yi amfani da ita. A auna wurin sau biyu, a ƙarshen damina da kuma tsakiyar rani, domin mashigar da aka gina a watan Satumba takan koma kan tudu kafin watan Afrilu. Haka nan mazauna Kurfi da ke son yin irin wannan aiki a bakin rafi ko ƙaramar madatsa, su fara tuntuɓar sashen ayyuka na ƙaramar hukumarsu domin sanin hukumar da ta mallaki ruwan.